Jiragen Yaƙin Da Suka Bi Hanyar Alhazai

Ranar Lahadi, 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sama uku suka ɓullo ta gabas da birnin Kano, suka sauka a filin da Turawa ke wasan dawaki a bayan ganuwa. Na rundunar mayaƙan sama ta Ingila ne, kuma wannan tafiya tasu ita ce tarihi ke lissafawa a matsayin zuwan jirgin sama Nijeriya na farko. Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi Maje Karofi ne ke kan gado. Jirgin ƙasa ma bai daɗe da isowa garin ba, don sai a 1911 dogo ya iso. Cikin waɗanda suka ɗaga kai suka ga abin a sama akwai dattawan da suka ga shigar sojan Turawa Kano da idonsu a watan Fabrairu 1903. Mu mutanen Keffi mun san mafarin wancan yaƙi: Magajin Keffi Ɗan Yamusa ne ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba 1902, ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuwa ya riƙe wannan hujja. Shekara 22 kacal tsakanin faɗuwar Kano da saukar waɗannan jirage.

Jagoran tafiyar wani saurayi ne ɗan shekara 30, sunansa Arthur Coningham. A Brisbane ta ƙasar Ostareliya aka haife shi a 1895, ya girma a New Zealand, ya yi suna a Yaƙin Duniya na Ɗaya wajen kakkaɓo jiragen Jamus. Ku riƙe sunan nan, don zai dawo.

Jirgin da suka zo da shi ana kiransa DH.9A. Wanda ya saba ganin jiragen yau zai yi mamakin yadda mutum zai yarda ya hau irinsa ya ƙetare sahara. Yawancin jikinsa katako ne da yadi, yadin an shafe shi da wani irin fenti da ke sa ya ɗame. Fukafukansa hawa biyu ne, sama da ƙasa, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Inji ɗaya gare shi, da farfela ɗaya ta katako a goshi. Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba, abokin tafiyarsa a baya, kowa kansa a waje, babu rufi, rana da iska da ƙura duk a fuska. Iyakar gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba. Kada kuma mu yi masa kallon abin wasa. Irin wannan jirgi ne Ingila ke amfani da shi a Iraƙi a shekarun nan tana jefa bama-bamai kan ƙauyukan da suka ƙi biyayya, kuma shi kansa Coningham ya jagoranci wata ƙungiyar irin waɗannan jirage a can kafin a kawo shi Masar. A 1920 ma da jirage 'yan gidansu aka fatattaki Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya. Saboda haka zuwansu Kano ba ziyarar sada zumunci kaɗai ba ce. Akwai gwajin hanya a ciki, akwai kuma nuna ƙarfi.

Daga Helwan suka taso, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba. Suka bi Kogin Nilu zuwa Khartum, suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher, suka ratsa ƙasar Wadai, suka biyo ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sannan Maiduguri, sannan Kano. Duk Bahaushen da ya ji jerin sunayen nan ya san hanyar. Ita ce hanyar Gabas, wadda kakanninmu ke bi da ƙafa da jaki da raƙumi zuwa aikin hajji, wani ya shekara biyu, wani ya shekara bakwai, yana tafe yana noma yana ƙodago yana tara guzuri, wani kuma ya zauna a can har abada. Ita ce hanyar da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi a 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Turawan ba su ƙirƙiro sabuwar hanya ba. Inda rijiya take nan gari yake, inda gari yake nan za a iya share fili a ajiye fetur, saboda haka jirgin sama ma dole ya bi sawun ayari. Abin da alhaji ke ci cikin shekaru, su kwana shida suka yi. Daga Kano suka zarce Kaduna, suka juya, suka koma Helwan ranar 19 ga Nuwamba da jiragensu uku cif. Aka ba Coningham lambar yabo, aka ajiye rahotonsa a ofis.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano a kan wannan hanya, daga baya ya miƙa ta zuwa Ikko da Akara. Filayen ƙanana ne, na ƙasa, jirgi ɗaya ko biyu a mako. Babu wanda ya zaci wata rana makomar wani babban yaƙi za ta rataya a kansu.

Sai ga watan Yuni 1940. Ranar 10 ga wata Musolini na Italiya ya shiga yaƙi a gefen Hitila, kafin watan ya ƙare Faransa ta miƙa wuya. Ingila na da sojoji a Masar suna gadin mashigin Suwez da hanyar man Gabas ta Tsakiya, ga Italiyawa a Libiya ta yamma da su, ga su a Habasha ta kudu. Jiragen yaƙin da take da su a Masar kaɗan ne, tsofaffi kuma. Ta yaya za a kai musu sababbi? Bahar Rum ta zama tarko. Sararin Faransa ya rufe. In aka ɗora su a jirgin ruwa aka kewayo ta ƙarshen Afirka ta Kudu, sai an yi watanni, yaƙi kuwa ba ya jira. Nan ne aka tuna da hanyar Kano.

Dabarar da aka yi ita ce a kwance jirgi a Ingila, a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya kawo shi Takoradi a ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Takoradi na da tashar jiragen ruwa mai zurfi tun 1928, da filin jirgin sama kusa da ita. A watan Yuli 1940 wani hafsa mai suna Thorold ya sauka can da 'yan mutane kaɗan suka fara gina rumfuna da wuraren aiki. Farkon Satumba akwatunan farko suka iso. Makanikai suka fasa su, suka ɗaura fukafukai, suka ɗora farfela, suka gwada inji cikin zafi da gumin bakin teku da cizon sauro. Ranar 20 ga Satumba 1940 ayarin farko ya tashi: jirgi ɗaya ƙirar Blenheim da shida ƙirar Hurricane.

Amma akwai wata ƙofa a tsakiyar hanya wadda makullinta ba ya hannun Ingila. Tsakanin Borno da Darfur ƙasar Cadi ce, ta Faransa. Bayan faɗuwar Faransa, gwamnonin ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Nijar na cikinsu. Wato Maraɗi da Damagaram, inda Bakano da Bakatsine ke da 'yan uwa da surukai da abokan ciniki, sun wayi gari a ɓangaren da ba a amince da shi ba, aka tsaurara iyaka, fatauci ya tsaya. Da Cadi ta bi sahun Nijar, da hanyar ta yanke a tsakiya. Gwamnan Cadi a lokacin baƙar fata ne, Félix Éboué, haifaffen Guyana ta Faransa a Kudancin Amurka, jikan bayin da aka kwasa daga Afirka. Ranar 26 ga Agusta 1940 ya fito fili ya ce shi da Cadi suna tare da Janar de Gaulle, hafsan Faransa da ya ƙi miƙa wuya, za su ci gaba da yaƙi. Lokacin nan de Gaulle ba shi da ko taƙin ƙasa a Afirka, kuma duk mai lissafi yana ganin Jamus ta riga ta ci. Ƙasa da wata guda bayan wannan magana ayarin farko ya ratsa sararin Cadi. A ganina, cikin duk mutanen wannan labari babu wanda ya kai Éboué ƙarfin hali, don matuƙi umarni aka ba shi, shi kuwa gwamna da kansa ya zaɓa, yana sane da cewa gwamnatin ƙasarsa za ta kira shi maci amana. Ya rasu a Alƙahira a 1944, bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Ga yadda tafiyar take. Hurricane jirgin faɗa ne mai mutum ɗaya, an ƙera shi don ya tashi ya yi artabu na awa ɗaya ko biyu a sararin Ingila ya dawo gida. Ba a yi shi don doguwar tafiya ba, sai da aka ƙara masa tankunan mai a ƙarƙashin fukafukai. Matuƙinsa shi kaɗai ne, hannu a sanda, ba shi da sukunin shimfiɗa taswira yana awo. Saboda haka Blenheim mai inji biyu, wanda ke ɗauke da masanin hanya da mai rediyo, shi ke gaba kamar madugu, ƙananan suna biye. Wanda ya ɓace wa madugu ya shiga uku. Ranar farko daga Takoradi zuwa Ikko, a bi bakin teku. Rana ta biyu daga Ikko zuwa Kano, sama da kilomita 800, a ƙetare kurmi da Kwara, ƙasa tana sauya launi daga kore zuwa ja. A kwana Kano. Kashegari a kama hanya mafi wuya: Maiduguri, Fort Lamy, sannan dogon daji har El Geneina a bakin iyakar Sudan. Daga nan El Fasher, El Obeid, Khartum, sai a bi Nilu arewa ta Wadi Halfa zuwa Abu Sueir kusa da mashigin Suwez. Kusan kilomita 6,000, cikin kwana shida in an yi sa'a.

Mu da muka san ƙasar nan mun san abin da ke jiran baƙo a samanta. Da hunturu hazo kan tashi ya rufe komai, mutum a ƙasa ma ba ya hango ƙarshen layinsu, balle wanda ke sama yana neman wani ɗan fili a tsakiyar daji da sauran mai kaɗan a tanki. Da damina hadari kan haɗu ta gabas cikin ɗan lokaci, ya yi tsayin da ƙaramin jirgi ba zai iya haye shi ba, ba zai iya kewaye shi ba. Ƙura kuma tana shiga inji tana cinsa, har ya zama jirgi da yawa in sun isa Masar sai an sake kwance injinsu an gyara kafin a tura su fagen fama. Akwai wani abu guda da ke nuna yadda suka ɗauki haɗarin: kafin jirgi ya bar Takoradi akan shafa masa farin fenti a gadon baya da wutsiya, don in ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama. Wasu sun faɗi an same su, wasu an sami jirgin ba a sami mai rai ba. Ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da da yawansu. Matuƙan ma ba duka Ingilishi ba ne. Cikinsu akwai 'yan Poland waɗanda Jamus ta cinye ƙasarsu, suka zo suna wannan jigila. In sun sauke jirgi a Masar, sai a ɗebo su a jirgin fasinja a maido su Takoradi su ɗauki wani.

Littattafan Turawa sun ba da labarin matuƙan nan, kuma sun cancanta. Abin da ba su tsaya a kansa ba shi ne abin da ke ƙasa. Jirgi ba ya sauka a kan iska. Kowane fili a hanyar nan sai da aka faɗaɗa shi, aka sare itatuwa, aka tumɓuke kututture, aka fasa marmara, aka ɗauko ta a ka cikin kwanon sarki, aka zuba, aka daɓe. Wa ya yi? Talakawan Kano da na Borno da na Cadi da na Darfur, waɗanda a tsarin wancan zamani Razdan ke gaya wa Sarki adadin da ake so, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya aiko a ƙwanƙwasa ƙofa. Fetur ɗin Kano jirgin ƙasa ke kawo shi daga Ikko. Na Maiduguri kuwa, da yake dogo bai isa can ba sai 1964, a mota ake kai shi, ganga-ganga da garwa-garwa, a kan hanyar ƙasa da damina ke yankewa. Direbobi da yaran mota da 'yan dako da masu gadi da masu dafa abinci da masu ɗebo ruwa, duk namu ne. A daidai wannan lokaci ne kuma ake matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa, kuma bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942 aka shiga ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, har da lardin Binuwai da Keffi ke ciki, zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. An kuma yi ta karɓar gudummawar kuɗin yaƙi a faɗin ƙasar, har aka laƙaba wa wata ƙungiyar jiragen Spitfire, mai lamba 91, sunan Nijeriya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ke gyarawa a Zariya tun 1939, ita ke kai wa masu karatu labarin inda yaƙin Hitila ya kwana.

Jamusawa sun san abin da ke gudana, kuma sun so su yanke hanyar. Wani Bajamushe mai suna Theo Blaich, wanda ya taɓa yin gona a Kamaru ya san yankin, shi ya kawo shawara. A watan Janairu 1942 ya ɗauki jirgi ɗaya tak mai jefa bam ƙirar Heinkel, ya taso daga kudancin Libiya, ya ƙetare sahara, ya bayyana a kan Fort Lamy ba zato ba tsammani. Babu wanda ya harbe shi, don babu wanda ya yi tunanin abokin gaba zai iya isowa nan. Bama-bamansa suka faɗa kan ma'ajiyar mai, kimanin galan 80,000 ya kama wuta, man da aka sha wahalar watanni ana tarawa. A hanyar komawa shi ma mansa ya ƙare, ya sauka a tsakiyar rairayi, shi da mutanensa suka yi kusan mako suna jiran mutuwa kafin wani jirgin Italiya ya gano su. Harin ya jinkirta jigila, amma bai tsayar da ita ba. Duba taswira ka ga tazarar Njamena da Maiduguri, za ka san yadda yaƙin ya matso kusa da mu.

Kafin nan Amurka ta riga ta sa hannu. Tun a 1941, ba ta ma shiga yaƙin ba tukuna, Shugaba Roosevelt ya sa kamfanin Pan American ya zo ya inganta filayen ya kuma taya jigila. Jiragen Amurka irin su Tomahawk da Kittyhawk suka fara biyowa ta Takoradi. Daga baya manyan jiragenta suka riƙa tasowa daga Florida, su biyo ta Brazil, su ƙetare teku zuwa Akara, su sha mai a Kano ko Maiduguri, su wuce Khartum, wasu har Indiya da Sin. Kano, wadda shekaru aru-aru ta kasance zangon ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas, ta koma zangon ayarin sama.

To, ina waɗannan jirage ke zuwa, hannun wa suke faɗawa? A watan Yuli 1941 aka naɗa sabon kwamandan mayaƙan saman Ingila a saharar yammacin Masar, inda ake gwabzawa da Janar Rommel na Jamus. Sunansa Arthur Coningham. Mutumin da ya sauka Kano da jirgin katako da yadi shekara 16 da suka wuce, shi ne yanzu yake zaune a tanti cikin rairayi yana ƙirga jiragen da suka rage masa, yana jiran waɗanda za su iso ta hanyar da shi da kansa ya fara gwadawa. Shugabansa a Alƙahira, Arthur Tedder, shi ma ta wannan hanya ya iso Masar a ƙarshen 1940, ya ga filayen da idonsa.

Coningham ya yi suna a wannan yaƙi saboda ya gyara yadda sojan sama ke aiki da sojan ƙasa. Ya kafa tantinsa kusa da na kwamandan sojan ƙasa, ya nace cewa a tara jirage wuri ɗaya a fara kore abokin gaba daga sama, maimakon a rarraba su kowace bataliya da nata. A tsakiyar 1942, lokacin da Rommel ya ci Tobruk ya koro sojan Ingila har cikin Masar, jiragen Coningham ne suka yi musu laima suna ja da baya, suka hana korar ta zama halaka. A El Alamein, daga 23 ga Oktoba zuwa farkon Nuwamba 1942, sama tana hannunsa, kuma daga nan Rommel bai sake matsowa gabas ba. Dabara ba ta aiki in babu jirgi. Daga Satumba 1940 zuwa ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 aka tura Masar ta hanyar Takoradi. Ban ce Kano ce ta ci yaƙin sahara ba, amma duk wanda ya ba da labarin El Alamein bai ambaci Takoradi da Kano da Maiduguri da Fort Lamy ba, ya ba da rabin labari.

A watan Mayu 1943 sojan Jamus da Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya, Bahar Rum ta buɗe, hanyar ta fara yin sanyi. Filayen da aka gina suka rage. Na Kano, wanda yau ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ya zama babban zangon jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, kuma a shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga cikinsa, suna ƙetare cikin sa'o'i ƙasar da iyayensu suka taka da ƙafa.

Shi kuwa Coningham ya ci gaba har ya jagoranci jiragen da suka rufa wa sojan taron dangi baya a Normandi a 1944, ya ajiye aiki a 1947. Mutumin da ya tsira daga yaƙin duniya biyu, ya ƙetare Afirka da jirgin katako ya koma lafiya, a kujerar fasinja ajalinsa ya same shi. Ranar 30 ga Janairu 1948, ranar da aka harbe Gandhi a Indiya, jirgin da yake ciki mai suna Star Tiger ya ɓace a kan teku tsakanin tsibiran Azores da Bermuda, da mutum 31. Har yau ba a sami jirgin ba, ba a sami kowa ba.

Sunansa na cikin littattafai, haka na Thorold da Tedder da Éboué da Blaich. Na waɗanda suka ɗauki marmara a ka ba ya ciki. Kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu na nan a Fagge da Kurna da Maiduguri, wasu ma a nan Keffi, sun ji labarin aikin filin jirgi da na ɗibar kuza daga bakin iyayensu. Mai karatu, in akwai irin wannan dattijo a gidanku ko unguwarku, ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka kunna wayarka ka naɗi abin da zai faɗa, ka rubuta sunan mahaifinsa da garinsu da aikin da ya yi. Ɗaliban tarihi na jami'ar da ke nan Keffi da na Bayero da na Maiduguri, wannan aikinku ne, kuma ku hanzarta.